Ciwon dajin fata da ƙarancin iska: abin da za ka yi tun da wuri

'Yan'uwana na Agege da Mile 12, ku nake rubuta wa wannan a matsayina na ma'aikaciyar jinya.

Ƙarin ciwon daji idan ya wuce kamar milimita 2, jinin da ke isa gare shi ba ya wadatar da shi, sai tsakiyarsa ta rasa iskar oksijin. Za ka ɗauka hakan zai kashe shi. Ina! Wani sinadari mai suna HIF ne ke farkawa, ya sa ƙarin ya janyo sabbin jijiyoyin jini, ya kuma samu hanyar bazuwa a jiki. Binciken yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin iska ne ya ci kyautar Nobel a 2019. Abin da ya fi damuna: gashin da ake yi wa ƙari da na'ura a asibiti don kashe shi yana buƙatar oksijin, kuma ƙwayar ƙarin da ta rasa iska takan jure gashin kusan ninki uku.

To, kar ka bari ya girma. Mu baƙaƙen fata, tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce za mu riƙa dubawa, musamman masu dako da ke cewa kowane tabo kanta ce. Baƙin tabo mai faɗaɗa, ko tsohon gyambo da ya ƙi warkewa, a je a yanki ɗan nama a gwada. LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, tana da cibiyar ciwon daji. Zabiya kuwa, malafa da riga mai dogon hannu kullum, don kare fata daga rana.

Idan an fara maka gashi, don Allah ka ajiye sigari, hayaƙinta na rage iskar da jini ke ɗauka. Ka nemi a auna yawan jininka, kuma kar cunkoson hanya ya sa ka tsallake ranar zuwa.