Yadda Ake Adana Tsofaffin Takardun Uzbek a Kwamfuta

Kafin ka ɗauki kyamara, fara da rarrabe takardun bisa irin rubutunsu. Cikin ƙarni ɗaya harshen Uzbek, na ƙasar Uzbekistan, ya sauya haruffa sau uku: an bar na Larabci an koma boko a ƙarshen shekarun 1920, an ɗauki haruffan Sirilik irin na Rasha a 1940, sannan dokar 1993 ta dawo da boko, aka yi mata gyara a 1995. Akwatin gida ɗaya a Bukhara ko Samarkand zai iya ƙunsar takardar wakafi mai hatimin alƙali, da wasiƙar kaka, da shaidar makaranta, kowace da nata rubutun. Wasu tsofaffin ma da Farisanci ko Cagatai, tsohon harshen adabi na yankin, aka rubuta su.

Ɗaukar hoton ba wuya idan an kiyaye ka'ida. Wanke hannu ka busar. Kada ka sa safar hannu, domin tana rage jin takarda, sai takardar ta yage. Kada ka danne littafi mai ɗinki a kan gilashin na'urar sikan, bayansa zai tsage. Tokare shi da matashi, ya buɗe kamar digiri 100. Sa fitilu biyu, dama da hagu, kowace a kusurwar digiri 45, ka kashe filashin kyamara. Ajiye rula da katin launi a gefen shafi. Ɗauki a 400 dpi (ma'aunin kaifin hoto), a nau'in fayil ɗin hoto na TIFF, tare da bakin takardar da bayanta, domin nan ake samun hatimi da sunan mai littafi.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen mayar da hoto rubutu. Sirilik na Uzbek yana da haruffa huɗu da babu su a Rashanci: ў, қ, ғ, ҳ. Idan ka bar manhaja a kan Rashanci, za ta karanta Қўқон, sunan birnin Kokand, a matsayin Кукон, mai neman birnin kuma ba zai taɓa ganin takardar ba. A Tesseract, manhajar mayar da hoto rubutu, zaɓi uzb_cyrl don Sirilik, uzb don boko. Rubutun hannu na Larabci kuwa, nemi masani ya kwafa da kansa.

Boko ma yana da nasa tarko: ƴar alamar da ke gefen oʻ da gʻ. Mutane na buga ta da maɓallai daban-daban, ido na ganin abu ɗaya, kwamfuta na ganin kalmomi dabam. Tsayar da alama ɗaya, mai lambar kwamfuta U+02BB, ga duk masu aikin. Rubuta kowane sunan gari ko mutum da haruffansa na asali da kuma boko, shekarar Hijira ka bar ta yadda take, ka ƙara ta Miladiyya a gefe.

Ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini dabam. Idan littafin ya yi kama da mai daraja, Cibiyar Nazarin Gabas ta Abu Raihan Biruni da ke Tashkent ce wurin tuntuɓa kafin a yi masa kowane gyara.