Kurakuran masu ƙirga ɓarɓashin roba a ruwan ƙazanta

Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya ga duk ɗalibin da aka turo mini ɗakin gwaji, shi ya sa na ce bari in rubuta. Aikinmu shi ne ƙirga ɓarɓashin roba, wato duk guntun da bai kai milimita 5 ba, a ruwan da ke shiga matatar ruwan ƙazanta da wanda ke fita. Sabon shiga yana ɗauka tacewa ce kawai da ƙirge.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya zauna yana ƙirga rigarsa. Ni ma na yi. Wata uku ina tara samfur, ina ta murna da yawan shuɗin zaren da nake gani a kan takardar tacewa. Rannan malamin da ke duba aikina ya leƙa madubin, ya ɗago, ya ƙura wa rigar sanyin da ke jikina ido, bai ce uffan ba. Lokacin hunturu ne, rigar ta foliyesta ce, kuma shuɗiya. Haka aikin wata uku ya bi ruwa. Tun ranar ba mai shiga ɗakina sai da tufafin auduga zalla, har hula da mayafi. Bokitin ɗiban ruwa na ƙarfe, kwalabe na gilashi, kowane kwano a rufe da takardar alminiyam. Fanka a kashe, taga a kulle, ko da kuwa zafin Afrilu ake yi. Sannan akwai abin da nake kira kwanon shaida: tsaftataccen ruwa da za ka bi da shi ta kowane mataki kamar samfurin gaske. Duk zaren da ya bayyana a cikinsa daga gare ka ya fito, ko daga iskar ɗakin. Kada ka kawo mini sakamako babu kwanon shaida. Wallahi ko buɗe shi ba zan yi ba.

Na biyu, ɗalibi ya auna ruwan shiga, ya auna na fita, ya zo yana washe baki wai matatar ta kawar da kusan duka. Ta kawar zuwa ina? Roba ba ta narkewa a tankin nan. Tana kwanciya ne a cikin laka, wata kuma ta bi maiƙon da ake kwashewa a sama. Lakar nan a ƙasashe da dama ita ake kai wa manoma taki, ka ga an kwashe daga ruwa an zuba a gona ke nan. In ba ka ɗebi laka ba, rabin aiki ka yi. Kuma kada yawan kaso ya ruɗe ka. A binciken da aka buga a 2016 kan wata babbar matata a birnin Gilasgo na Sikotland, an tarar tana tare sama da kashi 98 cikin ɗari, amma duk da haka kimanin guntaye miliyan 65 ke sulalewa kogi kullum, saboda yawan ruwan da ke wucewa.

Sai masu amfani da ruwan gishiri don roba ta taso sama ta rabu da laka. Yana da araha, na sani, kuma yana taso da ɓarɓashin ledar fiya wata sama. Amma nauyinsa bai wuce giram 1.2 a kowace mililita ba, robar gorar ruwa da zaren foliyesta kuwa sun kai 1.38, sai su nutse ka zubar da su tare da laka. Ni sinadarin zink kilorayid nake sa wa, wanda ruwansa ya fi na gishiri nauyi, ina tace shi in sake amfani da shi don tsada.

Sauran ƙanana ne. Kada ka narkar da datti da asid mai ƙarfi, yana cinye nailan. Haidurojin ferokzayid ya ishe ka, kuma ni ba na bari zafinsa ya haura digiri 50. Rubuta girman ramin rariyarka, in ba haka ba ba wanda zai iya gwada adadinka da na wani. Ɗiba ɗaya da hantsi ba ta wakiltar yini guda.

Ido kuma yana ƙarya. Zaren auduga da aka rina yana kama da roba sak a ƙarƙashin madubi. In babu na'urar FTIR (mai tantance ko abu roba ne) a kusa, ɗora allura a wuta ka kusanta ta da zaren: na roba zai lanƙwashe ko ya narke, na auduga ko gezau.