Idan ka ci karo da ƙashin dinaso a daji, ga abin yi

Jama'a da yawa ba su san cewa jihar Agadez tana cikin wuraren da masana suka fi samun ƙasusuwan soropod a Afirka ba, wato irin dinaso (dabbobin da suka ƙare a duniya tun shekaru miliyoyi) masu dogon wuya da doguwar jela da ke cin ganyayyaki. A Gadufawa, wani wuri cikin saharar jihar, masani Bafaranshe Philippe Taquet ya fara samun ƙasusuwan wata soropod da ake kira Nigersaurus, sai a 1999 Paul Sereno na jami'ar Chicago ya sa mata suna, a shekarar ne kuma ya bayyana wata soropod ɗin, Jobaria, da aka tono wajen garin Ingal. Makiyaya da direbobin sahara su suka fi kowa ganin irin waɗannan ƙasusuwa, saboda haka dan Allah a san yadda ake yi da su.

Da farko ka tabbatar ƙashi ne ba dutse ba. Wanda ya shekara miliyoyi ya fi sabon ƙashi nauyi sosai don ma'adinai sun cike shi, kuma in ka duba inda ya karye za ka ga ƙananan ramuka birjik a ciki. Wasu masanan har harshe suke ɗan taɓawa, in ya ɗan manne to ƙashi ne.

To in ka tabbatar, kar ka ɗaga shi, kar ka ja shi, kar ka ce bari in tona in ga iyakarsa. Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa wallahi, domin irin ƙasar da yake kwance a ciki da yadda ƙasusuwan suka jeru su ke gaya wa masani shekarun dabbar da ko ruwa ne ya kwaso gawar, da zarar ka kai shi gida ka ajiye a zaure duk wannan bayani ya tafi. Ciro wayarka ka ɗau hoto daga sama da kuma gefe, ka ajiye biro ko takalmi kusa da shi don a gane girmansa, ka adana lokeshan, sannan ka sanar da hukumar yankin ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. Tono sai da izinin gwamnati, sayarwa kuma kar ma a soma.

Su masu aikin in sun zo, da burushi da ƴan ƙananan ƙarafa masu tsini suke share ƙasar a hankali, suna ɗiga gam mai ruwa-ruwa yana shiga tsagogin ƙashin yana riƙe shi. Sai su zana taswirar inda kowane ƙashi yake su sa masa lamba. Daga nan su haƙa rami kewaye da shi su bar shi a kan ɗan tudu, su rufe da jiƙaƙƙiyar takarda, su tsoma tsumman buhu cikin filasta su naɗe shi kamar yadda likita ke ɗaure karaya. In ya bushe a juya shi a naɗe ƙasan, a loda a mota da ƙasar da komai.

Duk wannan lallaɓawa dole ce, don girman dabbar yana ruɗar mutane su ɗauka ƙashinta ba ya karyewa, alhali ƙasusuwan bayan soropod cike suke da kogunan iska. Nigersaurus ta kai kusan mita 9, tana da haƙora sama da 500, amma ƙoƙon kanta akwai wuraren da haske ke ratsawa saboda siranta, shi ya sa a 2007 sai da aka sa shi a na'urar sikanin aka haɗa siffarsa a kwamfuta. A ɗakin bincike ake yanke filastar, a dinga cire dutsen kaɗan-kaɗan da ƙaramar na'ura mai aiki da iska, ƙashi ɗaya yakan ci watanni.