Yadda Ake Zaɓar Irin Kaji da Talotalo don Kiwon Cikin Gida a Kano

Kafin mutum ya ba da kuɗin 'yan tsaki, wajibi ne ya tsayar da abin da yake nema daga kiwon, ko ƙwan karin kumallo ne, ko naman Sallah, ko kuwa abin da uwargida za ta riƙa sayarwa tana biyan ƙananan buƙatu. Bayan haka sai ya dubi girman tsakar gidansa, da ƙarfin aljihunsa wajen sayen abinci, da kuma zafin Kano, wanda kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Waɗannan ne ke yanke hukunci, ba kyan kaza a hoto ba.

Kazar gida ita ce mafi juriya. Tana tona abincinta, tana yin kwanci, tana ƙyanƙyashe ƙwanta cikin kwana 21, sannan ta yi renon 'ya'yanta, kuma namanta ya fi daraja a kasuwa. Sai dai ƙwanta ba ya wuce 40 zuwa 60 a shekara, girmanta kuma da nawa yake tafiya. Idan za a saya, a nemi mai tsiraicin wuya domin ta fi jure zafi, ko kazar Fulani domin ta fi jiki.

Wanda ƙwai kaɗai yake so, kajin gidan gona irin su ISA Brown da Lohmann Brown ne nasa, domin suna fara saka ƙwai a mako na 18 zuwa 20, kuma kowace kan yi kusan 300 a shekara idan ta sami kulawa. Akwai kuma Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya ta samar domin yanayinmu. Amma a yi lissafi tun da wuri: kowace kaza tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai ɗauki kaji goma kusan mako uku ne kawai, kuma da zarar an fara cika musu ciki da dusa zalla don tsimi, sai ƙwan ya ja baya. Ba sa buƙatar zakara kafin su yi ƙwai, ba sa kwanci, kuma 'ya'yansu ba sa gadon ƙwazon iyayensu, don haka duk zagaye sai an sayo sababbi.

Kajin nama farare irin su Cobb 500 da Ross 308 sukan kai kilo biyu cikin mako shida zuwa bakwai. A ganina bai kamata mai farawa ya zuba su a bazara ba, musamman a gida mai rufin kwano da ƙarancin iska, saboda zafi kan kashe su daidai lokacin da suka gama cinye jarin mai su. Wanda ya nufe su don Sallah ya ƙirga makonninsa baya daga ranar Idi, tunda kowace ranar da suka ƙara bayan sun isa yanka hasara ce.

Ga yawancin gidajen cikin birni, abin da ya fi dacewa shi ne kajin da ke ba da ƙwai da nama a haɗe, kamar Noiler da ake ƙyanƙyashewa a jihar Oyo, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta, da Sasso mai asali daga Faransa. Zakarun kan isa yanka cikin wata uku zuwa huɗu, matan kuma kan ninka kazar gida yawan ƙwai har sau uku, sannan suna karɓar ragowar tuwo da dusa da ganye a matsayin ƙari kan abincin buhu. Rauninsu shi ne ba su cika yin kwanci ba, shi ya sa yake da kyau a ajiye kajin gida biyu ko uku a gefe, a riƙa sa musu ƙwan su ƙyanƙyashe.

Batun talotalo kuwa yana buƙatar natsuwa. Na gida, baƙi ko mai ruwan tagulla, yana barbara da kansa, macen tana kwanci na kwana 28, kuma yana iya rayuwa a sake. Farin na ƙasashen waje ya ninka shi nauyi, amma faɗin ƙirjinsa kan hana namijin hawa mace, saboda haka na yanka ne kawai, ba na ajiye iri ba. Dukansu 'ya'yansu suna da rauni a watanni biyun farko, suna son ɗumi da bushewar wuri da abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan kashi 28 cikin ɗari, wanda ya zarce na 'yan tsakin kaji. Abin da aka fi sakaci da shi shi ne haɗa su akurki ɗaya da kaji: akwai cutar hanta da hanji da kaji ke ɗauke da ita ba tare da ta kayar da su ba, amma takan hallaka ƙananan talotalo. Wanda ba shi da wurin da zai ware musu, gara ya haƙura da su. Kasuwarsu ta fi tashi a Disamba, musamman wajen mazauna Sabon Gari, don haka a fara renonsu tun Yuni ko Yuli.

Wajen saye, a tuna cewa yawancin 'yan tsakin da ke isowa Kano daga kudu maso yamma ake ɗauko su cikin dare, saboda haka a karɓe su da sassafe, a zaɓi masu kuzari da busasshiyar cibiya da tsabtataccen gindi, a fara ba su ruwa kafin abinci. A tambayi dillali sunan kamfanin da ya ƙyanƙyashe su da rigakafin da aka yi musu, sannan a ci gaba da rigakafin cututtukan kaji na Gumboro da Niyukasil bisa jadawalin likitan dabbobi, tunda ita ta biyun a lokacin hunturu ta fi yin ɓarna. Duk babbar kazar da aka sayo a kasuwa kuma, a killace ta mako biyu ita kaɗai kafin a haɗa ta da na gida.