Kurakuran da ke kashe motar jeji tun kwananta bai ƙare ba

Ranar Asabar ina gareji a Kwakwaci ana canza min boris, sai ga janwe ya shigo da wata Hilux fara, sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a gama cirewa ba. Laka har kan madubi. Mai ita matashi ne, yana ta waya yana rantsuwa wai jabu aka sayar masa. Ban tanka ba, sai da bakanike ya buɗe akwatin matatar iska ya zaro ta tana ɗigar da jan ruwa. Nan na san labarin tun daga farko har ƙarshe, don ni ma an taɓa jawo tawa haka.

Sana'ata sayen amfanin gona. Da kaka ina shiga ƙauyukan Tudun Wada da Doguwa neman masara da waken suya, in an jima kuma in juya arewa wajen Maigatari neman riɗi. Kudu taɓo da rafuka da duwatsu, arewa rairayi. Duk shekara sai na ga sababbin shiga sun sayi mota mai taimako, sun ɗauka da zarar an ce taya huɗu na ja to ba inda ba za ta shiga ba, kuma duk shekara ɓarnar iri ɗaya ce. Na gaji da faɗa a gareji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babbar ɓarna ita ce ruwa, kuma a kanta zan daɗe.

Wata damina cikin watan Agusta na bi ta Kwanar Dangora na wuce Falgore, na saki kwalta na shiga wata hanya da na sha bi. Akwai mashigi a wani rafi wanda kullum ruwansa bai wuce idon sawu ba. Ranar ko ɗigo ba a yi a wurin ba, rana tarwai, amma an yi ruwa a kan duwatsu can sama, rafin ya kawo. Wani dattijo yana zaune a bakin gaɓa da kekensa ya ce min, "Ɗana, ka dakata zuwa la'asar, zai janye." Na ce, "Baba, ai wannan motar don haka aka yi ta." Na sa giya ta biyu na danna totur na faɗa da gudu. Ruwa ya taso ya hau kan bonet, motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu a tsakiyar rafi.

Har nan da sauran gyara. Abin da ya kashe injin shi ne abin da na yi bayan haka: na murɗa makulli. Sau uku. A na uku na ji ƙas, kamar an karya itace a cikin buhu.

Ga abin da ke faruwa, don wanda bai sani ba ya sani. Inji iska yake shaƙa, fistin ya matse ta. Injin fetur na Hilux mai lita 2.7 yana matse ta kusan ninki 10, na gas kuwa ya haura ninki 15. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga silinda fistin ya taso ya same shi, dole wani abu ya ba da hanya, kuma sandar da ke riƙe da fistin ce ke lanƙwashewa, wani lokaci ta karye ta huda bulok ta fito. Da na bar makullin nan, na nemi mutane muka turo ta gaɓa, na kwance filogi duka huɗu, na cire jiƙaƙƙiyar matatar iska, sannan na juya inji ya feso ruwan waje, da ƙila baƙin mai da matata kawai zan canza. Maimakon haka sai da aka sauke inji, na yi mako uku ina sintiri Ƙofar Ruwa, kasuwar masara ta wuce ni, kuɗin da na ware na saye ya tafi a ƙarfe.

Saboda haka in mota ta mutu a cikin ruwa, cire makullin ka sa a aljihu. Kada ka saurari masu cewa "gwada mana, za ta tashi". Ba su za su biya ba.

Ni yanzu ba na shiga ruwan da ban taka da ƙafata ba. Ina naɗe wando in ɗauki sanda in ratsa, in ji inda rami yake, in ji ƙasan yashi ne ko taɓo. In ya wuce gwiwata, ko yana neman kwashe min ƙafa, zama nake in jira. Toyota ta ce sabuwar Hilux tana iya ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan ruwa ne kwance, a tafiyar hankali, ba rafin Agusta mai jan kututture ba. In zan shiga, ƙaramin taimako nake sawa, giya ta biyu, totur a tsaye ba ƙari ba ragi, kuma ba na taɓa kuloci sai na fita. Bayan na haye ina tattaka birki a hankali har ya bushe. Masu sa dogon hancin shan iskar nan da ke hawa gefen gilashi, yana da amfani, har ƙura ma yana ragewa. Sai dai in mai haɗawa bai toshe mahaɗa da kyau ba, ado kawai ka saya.

Akwai kuma ɓarnar ruwa da ba ta nuna kanta sai bayan wata biyu. Kowane aksil yana da ɗan hancin shan iska a samansa. Ka yi tafiya mai nisa aksil ya yi zafi, ka tsoma shi a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta hancin nan ko ta bakin sil. Man giya ya gauraye da ruwa, haƙora da boris su fara cin juna, ranar da ka ji kuka daga baya aikin gama ya gama. Ni na sa an ja wa hancin nan siririn tiyo har cikin bonet, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Kuma duk ranar da na ratsa ruwa mai zurfi, washegari sai an kwance notin aksil na gaba da na baya na ga launin man da idona.

Kuskure na biyu da ya ci min kuɗi shi ne barin taimako a kan kwalta. Wannan ya fi ba ni haushi, don ba gaggawa ba ce ta jawo shi, rashin sani ne, kuma har yau akwai direbobin da ke cewa wai motar ta fi kama titi in an bar ta a 4H, wato babban taimako. Hilux da Land Cruiser 70, wadda ake yi tun 1984, in ka sa musu taimako farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, a kulle suke, dole su juya daidai wa daida. To amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A ƙasa ko yashi taya tana ɗan zamewa ta huce. A kwalta ba zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarfe yana murɗa shi. Na fito daga jeji da daddare a gajiye, na manta, na taho har Kano a haka. Ina shiga shataletalen Dangi na ji sitiyari ya yi tauri, motar tana tsalle-tsalle kamar an riƙe mata ƙafa. Sandar taimakon ta ƙi fita. Sai da aka buɗe akwatin taimako gaba ɗaya.

Ka san irin motarka. Prado kullum taya huɗu ke ja, tana da abin da ke raba ƙarfi a tsakiya, ita ba ruwanta da kwalta muddin ba ka kulle tsakiyar ba. Pajero mai Super Select ita ma ana iya barin ta a 4H. Hilux kuwa da ƙafarka ta taka kwalta ka mayar da ita 2H, wato taya biyu kaɗai ke ja. In ta ƙi fita kada ka doki sandar, yi ribas ƴan taku a miƙe, ko ka sauka gefen titi kan ƙasa, za ta saki. 4L kuma, wato ƙaramin taimako, ba a sa shi ana tafiya, tsayawa ake yi cak. Sannan akwai masu ɗaya gefen, waɗanda sai su shekara ba su taɓa sa taimakon ba, ranar da suka kafe su neme shi ya ƙi shiga. Littafin Toyota cewa ya yi a yi aƙalla kilomita 16 da shi duk wata don mai ya zagaya. Ni ranar Lahadi nake yi, a hanyar gona. In motarka mai makullin hannu ce a cibiyar tayoyin gaba, ka sauka ka murɗa su tun kafin ka shiga taɓo, ba sai ya kai ka ƙwauri ba.

Sai iskar taya. Mai faci a bakin titi zai dura maka iska har sai ya buga tayar da sifana ya ji ta yi ƙara, ka auna ka ga 50 ko fiye. Da wannan za ka shiga rairayin Maigatari? Tayar za ta haƙa rami ta binne kanta. Ni a kwalta 32 nake sawa, in da kaya in ƙara wa na baya. A burji mai gargada ina saukewa zuwa 26, a rairayi 18. Tayar sai ta baje ta hau kan yashin, motar da ta kafe ɗazu ta fita ba a tura ta ba. Amma da iskar 18 ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, kuma ba a hawa kwalta, don tayar za ta yi zafi ta fashe. Wato sai kana da ma'auni naka da ƙaramin famfo mai aiki da batir. Duka biyun ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. In za ka sayi taya ƴar Kwatano duba lambobi huɗu na gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara 5 ba na saye ko da zanenta bai taɓu ba. Kuma tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, har da safaya.

Yanzu bari in juyo kanku, masu ɗaga mota. Me kuke nema ne? Mutum ya sayi mota, bai canza man giya ba, bai duba birki ba, amma ya kai ta wajen mai walda an cusa mata ƙarfe a ƙarƙashin sifirin ta yi tsayi kamar raƙumi, an sa mata tayoyin da suka fi ƙarfinta, an jera fitilu takwas a ka. A titin Zoo Road kowa na kallo. To tsayin nan nauyi ne kuka mayar sama, kuma ranar da kuka bi gefen kwari a karkace za ku gane. A Hilux ta zamani, in ɗagin ya wuce inci 2, sandunan da ke juya tayoyin gaba suna aiki ne a karkace, robarsu ta yage, yashi ya shiga. Manyan tayoyi suna rage wa mota ƙarfin tashi, su ƙara wa birki aiki, su sa agogon gudu ya riƙa yi muku ƙarya. Ni inci 2 na ɗaga tawa, da sifirin da shokozoba da aka yi domin haka, na tsaya nan. Kuɗin fitilun ku kai su ƙarƙashin mota, a sa farantin ƙarfe ya kare tukunyar baƙin mai daga dutse.

Wani abu kuma da ba na sassauci a kansa, don rai ne. Kada a ɗaura igiyar ja a dunƙulen ƙarfen nan na bayan mota da ake rataya tirela. Ba don fizga aka yi shi ba. In ya tsinke tafiya yake kamar harsashi, kuma gilashin motar da ke baya yake nufa. Haka bamba, haka sandar sitiyari. A shasi ake ɗaurawa, inda aka tanada. A jefa bargo ko buhu a tsakiyar igiyar, a kori yara su yi nisa, don in mota ta kafe a ƙauye kafin ka sauko sun kewaye ta. Kuma kafin a kai ga ja, shebur da rage iska sun fitar da ni sau da yawa fiye da igiya.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Bakanike ya ce zai cire maka tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, wai don ƙasar Turawa aka yi shi, ka ce a'a; wajen digiri 82 yake buɗewa, injin a kan haka aka tsara shi. Ruwan rijiya a lagireto tsatsa ne da gishiri, sayi ruwan da aka yi domin shi. Da hunturu ina bubbuga matatar iska duk mako, in za a hura ta daga ciki zuwa waje ake hurawa, in ta huje ko kaɗan a yar. Man bumburutu a jarka in ya zama dole, a tace da kyalle. Farfela tana da bakin giris, a ba ta bayan kowace tafiyar ruwa. Laka in ta bushe a cikin birki da bayan lagireto ɓarna take, a wanke ƙarƙashi ba bodi kaɗai ba. Babban yatsa kada ya shiga cikin da'irar sitiyari a hanyar duwatsu, in taya ta daki dutse fizgewa yake. Buhuna masu nauyi a ƙasa, a matso da su kusa da kai. Kuma ba na shiga jeji ban gaya wa wani a gida hanyar da zan bi da lokacin da zan fito ba, ba na kuma yarda dare ya same ni a Falgore.

Matashin nan na Kwakwaci, da aka sauke injinsa sanduna biyu ne suka lanƙwashe. Ya zo ya zauna kusa da ni a benci ya ce, "Alhaji, yanzu in an gyara injin shi ke nan?" Na ce masa, "Ƙanena, sa su kwance maka aksil tukuna." Yaron gareji ya shiga ƙarƙashi da roba, ya kwance notin na baya, man ya zubo fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na gaba ma haka.