Yadda bakinka zai buɗe da Turanci idan ka fita karatu waje

Tunda gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai ƙasashen waje a 2023, aka ɗebi mutum 1,001 zuwa Indiya da Uganda, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta ba su daina sallama da ni a Gwammaja ba, don sun san na yi digiri na biyu a wata jami'a kusa da Delhi. Hirar takan fara da kuɗin guzuri, da abinci, da zafin garin. Sai na taka wa mutum zuwa bakin ƙofa sannan zai rage murya ya ce, "Yaya, ni fa Turancin ne yake ba ni tsoro." Ga amsar da nake ba su. Ko Malesiya za ka, ko Ingila, ko Uganda, yawancinta za ta yi maka aiki.

Ƙanena, fara da sanin inda ciwon yake. Kai da ka ci Turanci a WAEC, ka shekara huɗu kana rubuta jarrabawa da shi a jami'a, ba za a ce ba ka da Turanci ba. Idonka da alƙalaminka sun iya. Kunne da baki ne ba a taɓa ba su aiki ba. A firamare da sakandarenmu malam zai rubuta darasi a allo da Turanci, ya juyo ya yi bayani da Hausa. Wanda ya miƙe a aji ya kwafsa, sai a yi sati ana tsokanarsa da kalmar. Wanda kuma ya yi daidai a majalisa, a ce iyayi ne. Duk yaron da ya taso tsakanin waɗannan biyun dole ya koyi kame bakinsa. To a can babu ko ɗaya. A ajinmu akwai 'yan Nepal da Afganistan da Tanzaniya da Yaman, kowa da irin karin harshensa, shi kansa malamin da Hindi ko Tamil ya tashi a gidansu. A duniyar yau waɗanda suka koyi Turanci daga baya sun fi waɗanda suka tsotse shi a nono yawa, nesa ba kusa ba.

Watannin da za ka yi kana jiran biza su ne jarinka, kada su ƙare a yawon sallama da dangi. Hanyar da na fi yarda da ita ka riga ka san ta tun kana makarantar allo: malam ya biya, ka maimaita da ƙarfi, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. BBC tana da wani shiri mai suna 6 Minute English, hirar mutum biyu ce ta minti shida, kuma ana samun rubutacciyar hirar kyauta a intanet. Sauke guda ɗaya a wayarka. Saurara da farko ba tare da ka duba rubutun ba. Sake saurara kana bi da ido. A karo na uku ka riƙa tsayar da shi bayan kowace jimla, ka faɗe ta da murya, da irin hawa da saukar da mai maganar ya yi. Da murya na ce, yadda na ɗakin kusa zai ji ka, domin karatun zuci ba ya motsa harshe. Minti ashirin bayan sallar asuba ya isa. Kuma shiri ɗaya za ka riƙe har sati ya zagayo. Mutum bakwai da ka gaisa da su a hanya ba su kai mutum ɗaya da ka zauna da shi ba, haka abin yake a nan.

Kunnenka kuma ka saba masa da Turancin ƙasar da za ka. Mai zuwa Indiya ya nemi darussan NPTEL a YouTube. Manyan cibiyoyin fasaha na ƙasar ne suka faro shirin tun 2003, malamansu suna koyar da injiniyanci da kimiyya da sauran fannoni kyauta. Zaɓi fanninka. Kwanakin farko za ka ji kamar gudu suke da magana, daga baya kunne ya kama, ka sauka ƙasar ka riga ka san muryar da za ka tarar a aji da kalmomin da za ta zo da su.

A nan cikin Kano ma akwai abokan gwaji. Kusan kowace sakandare a unguwanninmu tana da 'yan bautar ƙasa daga kudu, da yawansu suna neman wanda zai koya musu Hausar cefane da ta shiga a-daidaita-sahu. Yi musanye da ɗaya: rabin awa Hausa, rabin awa Turanci. In ka shiga banki, yi buƙatarka da Turanci ko da ma'aikacin Bahaushe ne. Burokan Sabon Gari yana sakin baki, amma ka sani ba shi za ka kai gaban malami ba. Wanda jami'arsa ta nemi IELTS, wato jarrabawar auna iya Turanci, ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne gaba da gaba da mai jarrabawa, maki yana tsayawa a 9, kuma jami'o'in Ingila da yawa 6.5 suke nema a digiri na biyu. Wasu suna karɓar sakamakon WAEC a madadinsa, don haka ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

Batun furuci ina so in daɗe a kansa, domin nan ne Bakano ya fi jin kunya, alhali maganin yana hannunsa. Sautuka kaɗan ne suke sa a kasa gane mu. Na farko rikicin p da f. Mu a Hausa da leɓɓa biyu muke fitar da f, shi ya sa take fitowa tsaka-tsaki, Bature ya rasa wacce aka nufa. Amma tuna yadda malamin tajwidi a Islamiyya ya koya maka fa ta farkon kalmar Fatiha: haƙoran sama a kan cikin leɓen ƙasa, iska ta bi ta tsakani. Ita ce f ta Turanci, babu ragi babu ƙari. Bar haƙoran a wurin ka kunna murya, ka sami v, wadda muke mayarwa b. Ita kuwa p, rufe leɓɓa gam ka sake su da ƙarfi. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ta motsa ka yi daidai. Sai th, wadda muke mayarwa s ko z. Ita ma tana cikin tajwidinka: farkon "thumma" da farkon "dhalika", bakin harshe yana taɓa gefen haƙoran sama. Yaron da ya sauke Alƙur'ani da tajwidi ya riga ya mallaki sautukan da Bafaranshe da Bajamushe suke fama da su. Na ƙarshe, wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, irin wanda ya haifar mana da "sukudireba" da "burodi". Wannan maimaitawar asuba ce take goge shi a hankali.

Bayan waɗannan, bar harshenka yadda Allah ya yi shi. Nemi jawabin da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ka saurara. Malamin makaranta ne daga Bauchi, sai a 1945 ya je karo ilimi London, Malam Aminu Kano ya bi sahu a shekarar da ta biyo. Lura da yadda yake ajiye kowace kalma a wurinta, ba gaggawa, ba cin ƙarshen magana. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Maitama Sule, haka ya riƙa yi a zauren nan lokacin da yake wakiltar Nijeriya. Yawancin lokutan da aka ce maka ba a gane ba, rage gudu kawai ake buƙata.

Yanzu ka sauka. Abin da zai yanke hukunci a kan Turancinka shi ne ɗakin da ka kwana. 'Yan Kano za su tare ka a filin jirgi, su kai ka masaukinsu, a tuƙa tuwo da kukar da aka zo da ita daga gida, a yi jam'i, a kalli ƙwallo tare. Alheri ne babba, kuma za ka buƙace su ranar da kewa ko zazzaɓi ya kama ka. Amma na ga waɗanda suka shekara biyu a cikin wannan da'irar, suka dawo da takardar digiri, bakinsu yana nan yadda ya bar filin jirgin Malam Aminu Kano. Abin yana yi mini ciwo har yau, don yara ne masu ƙoƙari. Saboda haka ka roƙi ofishin masaukin ɗalibai su haɗa ka ɗaki da wanda ba ya jin Hausa. 'Yan uwa kuma ka ba su Juma'a da ƙarshen mako da buɗe-baki a watan azumi, zumunci bai yanke ba. Ƙanwata, ke ma haka. Ranar farko ki zaunar da abokiyar ɗakinki ki yi mata bayanin lokutan sallarki, da abin da kike ci da wanda ba kya ci, da cewa ba kya son maza su shigo ɗakin. Kin kare addininki, kin kuma yi doguwar hirarki ta farko da Turanci.

Hidimomin makon farko ma kada ka bari wani tsohon ɗalibi ya yi maka magana kana tsaye a bayansa. A Indiya mai bizar karatu ta fiye da kwana 180 sai ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, FRRO, cikin kwana 14 da sauka. Ga layin waya, ga asusun banki, ga katin laburare. Ya raka ka, amma kai za ka yi bayani. Tun da dare ka tsara abin da za ka faɗa, ka faɗe shi sau biyu a ɗaki. Sai dai ka sani a arewacin Indiya titi na Hindi ne, mai a-daidaita-sahu da mai kayan miya ba lallai su ji Turanci ba. Koyi ƙirga da gaisuwa da harshensu don ciniki, Turancin kuma ka neme shi a cikin makaranta da masallacin Juma'a, inda ɗan Sudan da ɗan Indunusiya ba su da abin da zai haɗa su da kai sai shi.

Akwai tarbiyyar gida mai kyau da za ta iya cutar da kai a can. An koya mana in babba yana magana a sunkuyar da kai, a ce "to", ba a sa shi ya maimaita. Sai ɗalibi ya yi ta gyaɗa kai yana "yes sir", alhali bai ji ranar da aka ce a kawo aiki ba. Jimla biyu za ka haddace har su zama kamar sallama a bakinka: "Could you say that again slowly, please?" da kuma "Do you mean…?" sannan ka faɗi abin da ka fahimta da kalmominka. Ta biyun ta fi amfani, don tana nuna wa malami daidai inda ka ɓace. Kuma ka kalli fuskar mai magana. A wurinsu alamar kana saurare ce, kai kuma motsin leɓɓansa zai taimaki kunnenka.

A aji zauna a gaba. Karanta darasin gobe tun yau, ka rubuta tambaya ɗaya, ka yi ta ko murya tana rawa. Yi wannan tun makon farko ko na biyu, domin in aka saba da kai a matsayin mai shiru, kai ma sai ka saba, fasa shi ya yi wuya. In an ce a kasu rukuni-rukuni, shiga wanda babu Bahaushe. Ranar da za ka gabatar da aiki a gaban aji, kada ka yi haddar jawabin gaba ɗaya, don in kalma ɗaya ta suɓuce sauran za su bi ta. Haddace jimla biyun farko kawai, sauran ka rubuta kanunsu a 'yar takarda, ka gwada a tsaye gaban abokin ɗakinka yana duba agogo. Littafin aljihu kuma ka riƙa rubuta jimla sukutum yadda ka ji an faɗe ta, da wurin da aka faɗe ta, domin kalma tilo ba ta gaya maka abokan tafiyarta. Manhajojin fassara da masu rubuta wa mutum aiki ka yi hattara da su. Duba ma'ana da su babu laifi. Amma jami'o'i suna tace aikin ɗalibai da manhajar gano kwafe irin su Turnitin, kuma ranar kare kundi kai kaɗai za ka tsaya gaban malamai, waya tana aljihu.

Wajen mako na uku za ka ji gajiya irin wadda ba ka sani ba, kai ya yi nauyi da yamma, ka ji ko kalma ɗaya ba ka son ji. Ƙwaƙwalwa ce take aiki biyu a lokaci guda, kuma yana wucewa. Ranar ka kira Hajiya ku sha hira da Hausa, ka yi barci da wuri, gobe ka koma. Za ka kuma haɗu da mai gajen haƙuri, ko wanda zai yi murmushi in ka yi kuskure. Ƙarasa maganarka tukuna, in ka koma ɗaki ka nemo daidai ɗin ka rubuta.

Mutum ba ya jin ci gaban bakinsa da kansa, shi ya sa da yawa suke karaya alhali suna tafiya. Ranar ɗaya ga kowane wata ka ɗauki muryarka ta minti biyu a waya kana bayanin abu guda, misali unguwarku da yadda ake zuwa Kasuwar Kurmi daga gidanku. Kada ka goge, kada ka gyara. In wata na huɗu ya kama, kunna na farko da na ƙarshe a jere, ka rubuta kurakurai biyu da har yanzu suke maimaituwa, su za ka sa a gaba a karatun asuba na watan.