Manjo, ga yadda za ki koyar da kanki riƙon ɗakin marasa lafiya

A asibitocin Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, sau da yawa ƙwarewa a jinya ce ke sa a ɗora ma'aikaciya a kujerar manjo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin marasa lafiya, amma riƙon mutane wani fanni ne daban.

1. Ki samu littafi ɗaya. Tsawon mako biyu ki riƙa rubuta abin da ke cin lokacinki: ƙarewar magani, makara, ko rigimar jadawali.

2. Ki zaɓi matsala ɗaya tak. A ganina a fara da miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, don a nan bayani ke zubewa. Akwai tsarin SBAR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2007, da Faransanci kuwa SAED ake ce masa. Mai miƙawa ta faɗi halin da majinyaci yake ciki, tarihin ciwonsa, abin da ta gano, sannan abin da take so a yi. Ki fara yi da kanki a bakin gado kafin ki ce kowa ya yi.

3. Ki ware minti 20 kullum don karatu a waya.

4. Ki tsara jadawali tun kafin damina, domin daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro kan cika ɗakin yara, hutun ma'aikata kuwa kada ya taru a nan.

5. Gyaran kuskure a keɓe ake yi, balle ga wadda ta girme ki. Duk ƙarshen wata ki tambayi wata tsohuwar manjo ta duba littafinki.